Taki da Magani

A ƙarƙashin katifar wata malamar firamare da ke zaune a Yako, cikin Ƙaramar Hukumar Kiru, akwai wani littafin rubutu mai fallaye 80, irin wanda ɗalibai ke yin lissafi a ciki. Shi ne na huɗu tun da ta fara. Kowane shafi an raba shi gida uku da jan biro: kwanan wata, abin da aka kashe, da kuma inda kuɗin ya fito. Gida na biyu duk wanda ya taɓa jinya ya san irinsa. Gida na uku kuwa shi ne tarihin gidan, domin a nan ake ganin "albashi", "adashi", "tunkiya", "Yaya", "masara buhu biyu", a wani wurin kuma kalma ɗaya tak, "bashi", ba tare da sunan mai shi ba.

Abin ya faro ne a bazarar 2019. Tana tsaye gaban allo tana koya wa 'yan aji huɗu jimla, sai ta ga idonta na hagu ya yi hazo, kamar an shafa wa gilashi mai, kuma yana ciwo in ta juya shi. Bayan mako uku ya washe da kansa. Da damina ta faɗi, ƙafarta ta dama ta soma yin nauyi, tana jin ta kamar ta wani, alli kuma yana suɓuce mata daga hannu. Wannan ma ya tafi. Ya sake dawowa.

Shekara biyu aka yi ana kashe kuɗi a kan ciwon da ba a san sunansa ba, kuma a lissafinta babu kuɗin da ya fi wannan ciwo a rai. A kyamis an ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, aka yi mata allurai. A wani ƙaramin asibiti aka ce ƙarancin jini ne. Surukarta ta ce iska ce, wata maƙwabciya ta ce sammu ne, tun da ai malama ce mai albashi, ido yana kanta. Aka kira mai ruƙiyya, aka sayi habbatus sauda da man zaitun, aka tare wata mota mai lasifika a kasuwa aka karɓi gora uku na tsimi. Wani mai magani daga can wajen dajin Falgore ya nemi baƙin rago da yadi biyar na farin ƙyalle, maigidanta ya kai masa. Bai kamata a yi saurin ɗora wa mutanen gidan laifin jahilci ba. Ciwon nan ɗabi'arsa ke nan, ya zo ya tafi. Saboda haka duk mai maganin da aka je wurinsa daf da lafawarsa, shi ke kwashe yabo, kuma wurinsa za a koma da wani ragon in ya dawo.

A 2021, bayan ta wayi gari ƙafafunta biyu sun ƙi ɗaukar ta, aka tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya sa aka ɗauki hoton kanta da lakar bayanta da na'urar MRI, aka kuma ɗebi ruwa daga gadon bayanta. Hoton nan kaɗai ya cinye tumaki biyu. Da sakamako ya fito, likita ya ce ciwon ana kiran sa maltiful sikilerosis, a taƙaice MS. Maigidan da ya ji haka sai ya ce, "Likita, ai an gwada mu kafin aure, ba mu da sikila." Har yau akwai dangi a Yako da ke cewa sikilar manya ce ta kama ta, alhali babu abin da ya haɗa cututtukan biyu sai kamannin suna.

Bayanin da likita ya yi musu shi ne wanda take maimaita wa duk mai tambaya. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna da riga, kamar yadda wayar lantarki ke da roba a jikinta. A wannan ciwo, garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta riƙa cin wannan riga, kamar ɓera ya samu waya. Inda ta ci, saƙo ya yi jinkiri ko ya yanke. In a jijiyar ido ne gani ya dushe, in a laka ne ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Shi ya sa za a iya kiran sa ciwon zaizayar rigar jijiya. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara bayyana shi filla-filla a 1868. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya, mata sun ninka maza, kuma galibi yana kama mutum ne tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato daidai lokacin da ake nema da renon 'ya'ya. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Suwidin. A ƙasar Hausa ba kasafai ake ganin sa ba, ko da yake inda na'urar hoto ta yi ƙaranci, likitocin jijiya kuma ba su da yawa, mai ciwon kan mutu ko ya nakasa da sunan wani ciwon daban.

Ba a warkewa daga gare shi, amma ana iya daƙile shi. Nan ne maganar kuɗi ta shigo sosai. Magani iri biyu ne. Akwai na kashe wuta idan ciwon ya tashi, wato ƙarin ruwa mai ɗauke da sinadarin methylprednisolone na kwana uku zuwa biyar. Wannan da sauƙi, in an kwatanta. Akwai kuma na hana tashin, wanda ake ɗauka shekara da shekaru. Na farkon irinsa, interferon, an amince da shi a Amurka a 1993, kuma a can magungunan wannan rukuni da yawa farashinsu ya haura dala 80,000 a shekara, kuɗin da malamin firamare ba zai tara ba ko da ya yi aiki har ya yi ritaya bai ci ko sisi ba. Likita bai ɓata lokaci a kansu ba. Ya ajiye musu biyu: ƙwayar azathioprine, tsohon magani mai rahusa wanda ake sha kullum ana gwajin jini a kai a kai, da kuma rituximab, wanda ake sa wa mutum ta ƙarin ruwa kusan duk wata shida. Rituximab asalinsa maganin wani nau'in kansar jini ne, amma a Suwidin an daɗe ana amfani da shi sosai ga masu wannan ciwo, kuma a Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da cladribine da glatiramer, cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada domin MS. Shiga jeri dai ba shi ne shiga kantin magani da araha ba.

Ta fara da ƙwayar. Wata takwas ana tafiya, sai ciwon ya sake tashi, gwajin hantarta kuma bai yi wa likita daɗi ba. Dole aka koma ga mai tsadar.

Ga yadda kuɗin shigar gidan yake. Ita tana da albashi, wanda bai taka kara ya karya ba. Maigidan manomi ne, yana da gona biyu ta masara da wata 'yar fadama ta shinkafa, da rani kuma yakan sari hatsi a ƙauyuka ya kai kasuwa. 'Ya'ya huɗu. A matsayinta na ma'aikaciya ana cire mata wani kaso daga albashi zuwa tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano, wanda aka kafa da dokar 2016, kuma katin ya yi mata rana: ganin likita, ƙananan gwaje-gwaje, maganin ciwon mafitsara da ke yawan damun ta, duk ya rage mata su. Babban maganin kuwa, wanda ake shigowa da shi daga waje da dala, daga aljihu yake fitowa. Wannan ba halin gidanta kaɗai ba ne. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita, duk da cewa dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin.

Zubi na farko an biya shi da gwal. Sarƙa da 'yan kunne na lefenta ne, waɗanda ta ce da ma ajiyar babbar 'yarta ce. Na biyu adashin malaman makarantarsu ne ya ɗauke shi. Uwar adashi ta roƙi wadda kwasa ta zo kanta ta yi haƙuri ta bar wa Malama, ita kuwa ta bari ba tare da an kai ruwa rana ba. Daga na uku ne aka gane cewa gwal ya ƙare, adashi kuma sau ɗaya ake kwasa a zagaye, ciwo kuwa yana nan. A daren da suka dawo daga wannan zubin ta sa aka sayo mata littafi na farko.

Abin da littafin ya fara tona mata shi ne rikicin kalanda. Wata shida-shida na likita ya faɗo ne a Nuwamba da Mayu. Na Nuwamba ya zo da kaka, rumbu cike, sai dai lokacin ne masara ta fi arha, kowa na kai tasa kasuwa, don haka buhu uku ke yin aikin da buhu biyu za su yi in an jira. Na Mayu kuwa ya zo daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin huɗa da iri da taki, ga rumbu ya yi ƙasa. Masara ba ta yafe rashin taki. Duk buhun takin da aka fasa saye a Mayu don a cika kuɗin magani, a Nuwamba za a ga gurbinsa a rumbu, kuma daga wannan rumbun ne za a biya zubi na gaba. Wato maganin bana yana cin na baɗi. Maigidan ya daɗe da sanin haka a ransa, amma bai taɓa furtawa ba, don kada ta ɗauka yana auna lafiyarta da hatsi. Ita ce ta buɗe littafin a gabansa ta ce, "Malam, mu daina ɓoye wa juna. Gonar nan ita ce asibitina. In ta mutu, ni ma na zauna."

Daga nan suka sauya tsari. Suka daina sayar da masara da kaka sai abin da ya zama dole. Na Nuwamba a biya shi da shinkafa da kuɗin raguna biyu da take turkewa tun bayan babbar salla, masara kuma a adana ta a buhu mai leda a ciki har farashi ya ɗaga. Ta kuma ware wani abu daga albashi duk wata, ta ba wata aminiyarta ajiya, domin ta lura kuɗin da ke cikin ɗaki ba ya jin kunyar biki da suna.

Shekarar 2023 ta rushe lissafin. A farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, har mai buhu goma a rumbu ya rasa kuɗin mota, masu sayen hatsi kuma suka riƙa karya farashi ga duk wanda ya nace sai kuɗi a hannu. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa; dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta, magani da taki a sahun gaba. Da aka ƙara mafi ƙarancin albashi a Kano zuwa naira 71,000 a ƙarshen 2024, ƙarin ya tarar da rami ya riga ya yi zurfi.

A cikin wannan matsi ne suka tafka asarar da ta fi kowace. Wani ya haɗa maigidan da wani mai sayar da magani a birni wanda ya ce yana da irin wannan ruwan a kusan rabin kuɗi. Ya karɓo, ya sako kwalaben a aljihun babbar riga, ya shigo mota da rana tsaka. Ma'aikaciyar jinya ta duba ta tambaye shi inda ƙanƙarar take. Maganin nan ana ajiye shi ne a firji, tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, kuma babu wanda zai iya rantsuwa a kan inda ya kwana kafin ya zo hannunsa, balle ma ko na gaske ne. Ta ƙi sa mata. Mai maganin ya ce shi ba ya karɓar kayan da suka fita. A littafin, gaban wannan rana, an rubuta kuɗin, a gida na uku kuma an sa "jinginar fadama". Tun daga ranar ba sa saye sai inda likita ya nuna, da rasit, da kula mai ƙanƙara.

Akwai kuma kashe-kashen da ba a kiran su magani. Kowace tafiya birni kuɗin mutum biyu ce, domin ba ta iya tafiya ita kaɗai, kuma a gidan gaba take zama saboda ƙafa, wanda ya fi tsada. Kafin a fara zubi sai an gwada ciwon hanta nau'in B, don maganin yana iya tayar da shi in yana kwance. Masu gashin ƙashi sun koya mata motsa jiki sau uku, daga nan ta ci gaba a gida da igiya da buhun yashi, ba don ta ƙware ba. An sa mata kujera a banɗaki da ƙarfen dafawa. Sai zafi. Masu wannan ciwo da yawa jikinsu na saki in sun ji zafi, gani ya dushe, ƙafa ta yi sanyi, ko da ciwon bai tashi ba. A Yako kuwa Maris da Afrilu ba sa wasa. Fanka mai aiki da hasken rana da suka saya bashi ta fi wasu allurai amfani. In an yi hutun zango na biyu takan tafi wurin dangin mahaifiyarta a ƙasar Doguwa, inda duwatsu suke, dare kuma ya fi sauƙi.

Aikinta shi ne abin da ta fi tsoron rasawa, domin da shi katin asibiti yake tafe. Hedimasta ya sauko da ita ajin da ke kusa da ofis, ya sa aka kawo mata kujera, wani ɗalibi mai kyan rubutu yana yi mata rubutun allo in hannu ya gaji. Babu takardar da ta umarce shi da haka.

Dangi sun yi taro a kanta sau ɗaya, a zauren yayanta da ke noman rani a ƙasar Bebeji, kusa da madatsar ruwa ta Tiga. Wani kawu ya kawo shawarar a kai kukanta gidan rediyo a Kano, kamar yadda ake yi wa masu ciwon ƙoda, a karanta lambar asusu. Ta ce, "Kawu, a gafarce ni. Wanda za a yi wa aiki sau ɗaya shi ke zuwa rediyo. Ni nawa ba ya ƙarewa. In na je bana, baɗi me zan ce musu? Kuma da wane ido zan tsaya gaban ɗalibaina?" Ana iya cewa girman kai ne, amma akwai lissafi a cikin maganar: tausayin jama'a kamar ruwan sama yake a kan fako, yana zuwa da yawa ya wuce, ita kuwa rijiya take nema. Yayan ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi zai ɗauki kuɗin mota da gwaje-gwaje duk shekara, daga kuɗin tumatir. Wani ɗan kasuwar hatsi daga Tudun Wada, abokin maigidan, ya tambayi malamai ko zakka ta halatta ga mai albashi. Aka ce masa wanda abin hannunsa bai kai ga buƙatarsa ba, ga kuma bashi a wuya, yana cikin waɗanda aka ambata. Tun lokacin yake aiko da rabonta a asirce, ita kuma tana rubuta "bawan Allah" a gida na uku.

A wannan taron ne wata gwaggo ta ja maigidan gefe ta ce ya kamata ya ƙara aure, ko don a samu mai riƙe gida. Ya ce, "Gwaggo, kuɗin lefen a wane shafi za a rubuta shi?" Da labarin ya iso kunnen Malama ta yi dariya har da hawaye, amma daren ba ta yi barci ba. Abin da ya hana ta barcin ba kishiya ba ce. Babbar 'yarta ce, mai shekara 15, wadda tun da ciwon ya zo ita ke girki da wanki da ɗiban ruwa, makinta kuma ya soma sauka. Wannan asarar ba ta da gida a littafin. Washegari ta ɗauki wata dattijuwa maƙwabciya tana taya su aikin safe a kan kwano biyu na masara duk mako, ta rubuta shi a ƙarƙashin magani.

Ta daɗe tana jin kunyar gaya wa likita halin da ake ciki, tana ganin kamar raini ne a kawo wa mai ilimi maganar rumbu. A ƙarshen 2024 ta ɗauki littafin ta tafi da shi. Ya juya shafukan ɗaya bayan ɗaya, bai ce komai ba. Daga baya ya bayyana mata cewa ga wanda ciwonsa ya lafa shekara biyu, hotonsa kuma bai nuna sabon tabo ba, likitoci a wurare da dama sukan tsawaita tazarar zubi, har ta wuce wata shida da nisa, ana bibiya da gwajin jini. Ya ce shawarar tasa ce, ba tata ba, kada ta kuskura ta ɗaga rana da kanta, kada kuma ta bi masu sayen ƙwayar prednisolone a kyamis suna sha duk sanda ƙafa ta yi nauyi, domin tana haddasa ciwon suga da hawan jini, tana kuma cinye ƙashi. Ya sa a sake hoto, wanda shi ma rago guda ne. Sakamakon ya yi kyau, aka matsar da zubin Mayu zuwa Agusta.

A daminar 2025 gonakin biyu suka sha taki cikakke a karo na farko cikin shekara huɗu, masara ta yi kyau har maƙwabta na tsayawa kallo. Da kaka ta zo sai farashin hatsi ya faɗi warwas a kasuwanni, na taki kuwa bai sauko ba. Suka zauna a tsakar gida bayan sallar isha'i, fitilar waya a kan littafi, shi yana faɗin adadin buhuna ita tana bugawa. Abin da ya fito ya isa zubi ɗaya da takin gona ɗaya, ko kuwa a fanshi fadama a bar sauran ga Allah. Ya ce a fanshi fadamar, tun da shinkafa ta fi riƙe daraja. Ta ce mai jinginar bai matsa ba, a bar ta wata shekarar. Ba su daidaita ba a daren. Ta ja layi a ƙarƙashin lissafin, ta rubuta kwanan watan komawa asibiti a saman sabon shafi, ta bar gida na uku babu komai, ta mayar da littafin ƙarƙashin katifa.